Araha Ba Ta Ado: Kaya Ake Nufi Ko Zuciyar Mai Saye?

Malam Habu: Jama'a, ina neman ra'ayinku kan karin maganar nan, "Araha ba ta ado." Tun muna yara ake fassara mana ita da cewa abu mai sauƙin kuɗi ba ya ƙarko, amma na lura magabata ba su ce araha ba ta ƙarko ba, ado suka ambata, shi kuwa ado a idon mai kallo yake.

Hajiya Rabi: Malam, ni fassarar farko na riƙe. Na taɓa sayen atamfa mai araha don ɗinkin salla, a wankin farko ta zuba, har ta rine farin mayafin da aka jiƙa tare da ita. Wannan ba zato ba ne, asara ce na gani da idona.

Alhaji Tanimu: Hajiya, ban ƙi ta taki ba, amma ga abin da na gani a shagona a Kantin Kwari. Akwai wata atamfa mai kyau da ta daɗe a wurina, sai na karya kuɗinta don ta fita. Masu haɗa lefe suka riƙa ɗaga turmin, su murza bakinsa da yatsa, su shinshina, su tambaye ni, "Alhaji, me ya same ta?" Da na mayar da ita kuɗinta na da, ba ta yi mako biyu ba ta ƙare, alhali ko zare ɗaya bai canza a jikinta ba.

Malama Maryam: Abin da Alhaji ya gani masana sun gwada shi a Amurka, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 2008. An ba mutum 82 ƙwayar da babu magani a cikinta, aka ce musu maganin ciwo ce. An gaya wa rabinsu kuɗin kowace ƙwaya dala 2.50, sauran kuma aka ce an rage ta zuwa santi 10, sannan aka ɗan ja su da lantarki a wuyan hannu. Kashi 85 cikin 100 na masu "mai tsada" suka ce zafin ya ragu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 61 kawai. Idan mutum ba shi da hanyar tantance inganci, farashi yake mayarwa ma'auni, har jikinsa ya gaskata.

Hajiya Rabi: To, ai atamfata ba ƙwayar gwaji ba ce, Malama. Ta zuba, kuma da an tsauwala kuɗinta ma sai ta zuba.

Malam Habu: Nan ne damuwata, Hajiya. Da an tsauwala kuɗinta da kin saya hankali kwance, ba ki ko tambayi inda aka saƙa ta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake jefa wa saurayi mai ƙaramin ƙarfi wannan magana lokacin haɗa lefe, ya ciwo bashi don kada dangin amarya su raina akwati, alhali masu duba kayan sunan atamfar da kuɗinta suke tambaya kafin su taɓa ta.