Tambaya kan ƙananan halittun da ke zaune a kan ganyen tuffa

Ɗalibin Noma ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazarin darasi a kan cututtukan itatuwa, sai na ci karo da bayanin cewa a kan murabba'in santimita ɗaya na ganye ana iya samun bakteriya daga miliyan 1 zuwa miliyan 10, ban da yis da funfuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan ganyen tuffa mai lafiya ma cike yake da ƙwayoyin cuta haka, me ya hana shi ruɓewa? Sannan manomin da ke yawan fesa magani saboda funfunar Venturia inaequalis, wadda ke sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya, ba ya kashe masu amfani tare da masu cutarwa?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malam. Matsalar ta faro ne daga kalmar "ƙwayoyin cuta", domin ta sa muna ɗaukar duk halittar da ido ba ya gani a matsayin abokiyar gaba, alhali mafi yawan mazauna ganye ba sa haddasa kowace cuta. Ganyen ba ya ruɓewa ne saboda fuskarsa wuri ne na yunwa da ƙishirwa: kaki ya lulluɓe ta, rana na dukanta da hasken da ke lalata ƙwayoyin halitta, raɓa ta jiƙa ta da asuba, kafin azahar kuma ta bushe ƙarau. Abinci ɗan kaɗan ne, wato sukarin da ke tsattsafowa daga cikin ganyen, saboda haka halittun ba sa bazuwa ko'ina bai ɗaya. Sukan taru ne gungu-gungu a gefen jijiyoyi, da gindin gashin da ke bayan ganyen, da kewayen ƙananan ƙofofin numfashinsa.

Kowace kuma da dabarar rayuwarta. Bakteriyar Methylobacterium tana cin sinadarin metanol da ganye ke fitarwa yayin da yake girma, bakteriyar Sphingomonas na iya amfani da nau'o'in sukari da dama, ita kuwa Aureobasidium pullulans, wadda take tsakanin yis da funfuna, takan yi baƙin launi da ke kāre ta daga rana. Amfaninsu ga bishiya galibi ta hanyar gasa ne, domin wanda ya riga zuwa ya cinye ɗan abincin da ke wurin, ya bar mai cutar da ya zo daga baya hannu rabbana. Game da feshi kuwa, zatonka daidai ne: magungunan tagulla da na farar wuta ba sa tantance na kirki da mugu. Sai dai iska da ruwan sama da ƙwari suna sake kawo sababbin mazauna, don haka ganyen ba ya daɗewa babu kowa a kansa.

Tsohon Ma'aikacin Gona ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja hankalin ɗalibinmu kada ya ɗauka waɗannan halittu za su maye gurbin magani a shekarar da ruwa ya yi yawa. Tun 1944 wani masanin cututtukan itatuwa mai suna Mills ya fitar a Amurka da jadawalin da ke nuna sa'o'in da ganye zai yi a jiƙe, gwargwadon zafi ko sanyin gari, kafin Venturia ta kama shi, kuma idan sa'o'in suka cika, gasar da ake magana a kai ba ta isa ta tare ta ba.

A ganina, inda aka fi cin moriyarsu shi ne bayan ganyen ya faɗi. Funfunar tana shafe hunturu a cikin matattun ganyaye a ƙasa, idan sanyi ya janye, bishiyoyi suka fara toho, sai ta harba irinta sama duk lokacin da aka yi ruwa. Shi ya sa ake fesa takin yuriya, kimanin kashi 5 cikin 100 a ruwa, lokacin zubar ganye, ko a daddatse ganyen da inji, domin bakteriya da tana su ruɓar da shi kafin irin funfunar ya ƙosa.

Ɗalibin Noma ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama da Baba. To, akwai inda ake zuba masu amfanin da gangan?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Akwai, amma an fi yin hakan a kan fure, ba a kan ganye ba. Bakteriyar Erwinia amylovora, wadda ke sa rassa su yi baƙi kamar wuta ta babbake su, tana fara yaɗuwa ne a kan furen, don haka ake fesa Aureobasidium pullulans ko bakteriyar Pantoea agglomerans da zarar fure ya buɗe, su riga ta kama wurin. Dole a maimaita feshin, tunda furanni ba sa buɗewa rana ɗaya, kuma wanda ya buɗe bayan an gama feshi bai samu komai ba.