Wane Ne Baƙo a Agadas? Cacar Baki Kan Wasan Jitar Sallah

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya tsaya mini a wuya ne. Washegarin Sallah ana sauke raguna daga bakin wuta, ko kason gidan surukaina ban tsaya kaiwa ba, na bar wa ƙanena na hau mota zuwa Agadas, don wasan jitar da aka sa daren uku ga Sallah. Wanda ya san hanyar Tawa zuwa Agadas ya san abin da ƙuguna ya gani.

Jika biyar na biya a ƙofa. A takardar talla sunan ƙungiyar da na je dominta ne ɓaro-ɓaro a sama, can ƙasa da ɗan ƙaramin rubutu aka ce tare da baƙin mawaƙa. An ce ƙarfe tara, sai goma da rabi aka fara. Baƙi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, babu mai riƙe da ko gwangwani. Wani yaro a gefe ya danna kwamfuta, su kuma suna ta mamin. Na ukun har ya sauke makirufo daga bakinsa ya duƙa yana gaida wani alhaji, muryarsa kuwa tana nan tana fita a lasifika.

Sha biyu da rabi mutanena suka hau. Wallahi tun da mai jitar gaba ya ɗaura ta a kafaɗa ya taka ɗan akwatin nan na ƙasa da takalminsa, sautin ya tsaga filin, na manta da hanya. Ya rufe ido, rawaninsa ya zame har haɓa bai kula ba, mai ganga yana ƙara sauri, mata suna guɗa, ƙura ta tashi har fitilu suka yi ja. Waƙa uku suka gama. Ana tsakiyar ta huɗu injin wuta ya mutu, ba a sake tada shi ba. Maganata ita ce: wasan rok na masu kayan kiɗa ne. A tara mu da sunan jita a cinye darenmu da baƙi masu bin kwamfuta da baki, wannan cin amana ne, kuma ya kamata a mayar wa mutane ko rabin kuɗinsu.

Maman Hadiza:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya ƙanena. Amma tsaya, su wa kake ce wa baƙi? Na san yaran nan, biyu daga cikinsu a tsohon gari aka yanke musu cibiya, bayan babban masallaci. Kai da ka taso daga Tawa ka kwana biyu, kai ne ɗan gida, su ne baƙi?

Ɗan Tawa:
Yaya, ba ni na ce ba, haka aka rubuta a takardar. Baƙin wasa, waɗanda aka gayyato su taya.

Maman Hadiza:
Sau uku ka maimaita ta. Don sun yi waƙa da Hausa shi ya sa suka zama baƙi. Ku shiga kasuwar Agadas ku ji da wane harshe ake ciniki.

Aghali Arlit:
Ina tare da Ɗan Tawa, Hajiya. A dandamalin jita wanda bai riƙe jita ba baƙo ne, ko a gindin hasumiya aka haife shi. Kuma in tarihi za a bi, Agadas gidan Sarkin Abzin ne tun ƙarni na 15.

Maman Hadiza:
To in tarihin ne, ka tambayi kowane Bagobiri daga ina kakanninsa suka gangaro. Daga Abzin za su ce maka. Su ma baƙi ne?

Malam Na Lakwal:
Ku bari in sa baki. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya shiga Agadas a 1850, ya tarar mutanen garin suna da wani harshe dangin Songai, wanda yanzu ya ɓace. Saboda haka in ana maganar wanda ya riga wani, akwai masu magana da ba sa cikin zauren nan.

Maman Hadiza:
Malam, ni Bature ba zai gaya mini garinmu ba.

Na Sakkwato:
Ni abin da ya ba ni haushi raina waƙar situdiyo da ake yi. Mdou Moctar, mai jitar nan ɗan Nijar da duniya ke ji da shi yau, faifansa na farko, Anar, a ina ya yi shi? A Sakkwato, 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi ta memori har suka ƙetare Sahara. To waɗanda kuke kira baƙin, a ɗakinsu gwarzonku ya fara.

Aghali Arlit:
Ya fara, amma bai tsaya nan ba. Je ka kalle shi yau, bahago ne, da hannunsa yake kaɗawa, mutum huɗu a dandamali kowa da kayansa. Wuta za ta iya ɗaukewa ya ɗauki jitar da ba ta lantarki ya ci gaba. Naku in kwamfuta ta mutu sai su tsaya suna kallon yaron.

Na Sakkwato:
Namu? Yau kuma mu ne naku? Madalla.

Ɗan Tawa:
Jama'a, ni maganar lokaci nake yi. Awa biyu aka ba su, aka bar wa masu wasan minti arba'in.

Aghali Arlit:
Sannan ɗan'uwa, gyara guda. Ka daina ce masa rok. Mu Abzinawa jita kawai muke cewa, ko assouf, wato kewa, irin wadda ke kama mutum in dare ya yi yana nesa da nasa. Samarin da fari na shekarun 1970 ya kora Aljeriya da Libiya su suka fara shi, ana ce musu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A kaset ake ɗaukar waƙoƙin ana ba juna a ɓoye. Abdallah Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙe abin a Nijar lokacin tawayen Abzinawa na farko. Babana yana da kaset ɗinsa a cikin akwatin ƙarfe har yau, naɗe a tsumma. Wannan ba rok ba ne, kukan mutane ne.

Abba Fagge:
Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Jitar lantarki, jita mai kauri, ganguna irin na Turawa, me ya rage? Bombino da kansa, gwanin jitar Agadas, bidiyon masu jitar rok Jimi Hendrix da Mark Knopfler ya riƙa kallo yana koyo. Faifansa Nomad na 2013 a Nashville ta Amurka aka yi shi, Dan Auerbach na The Black Keys ya shirya. In wannan ba rok ba ne, mene ne?

Aghali Arlit:
Tinariwen, ƙungiyar jitar Abzinawa ta Mali, sun ci lambar yabo ta Grammy a 2012 da faifan Tassili. A rukunin rok aka ba su? A'a, a rukunin kiɗan duniya. Su masu rok ɗin ma ba su sa mu cikinsu ba, kai kana Fagge kana tura mu.

Abba Fagge:
Wannan ai wariya ce tasu, ba hujja ba. Duk abin da ya fito daga Afirka kwando ɗaya suke zuba shi.

Aghali Arlit:
Saurari bugun da kyau. Tende ne, turmin da mata ke rufe wa baki da fata suna kaɗawa ana tafi. Tafiyar raƙumi ce a ciki. Ƙungiyar matan nan ta Nijar, Les Filles de Illighadad, ma daga tende suka hau jita.

Baba Direba:
Ni dai shekara ashirin da wani abu ina bin hanyar Arlit da babbar mota, kiɗan Buzaye muke ce masa, shi ke hana mu barci a kan sitiyari. Rok ko ba rok ba, Allah ya yi musu albarka.

Aghali Arlit:
Baba, da girmanka, ka janye kalmar nan. Asalinta sunan bayi ne. Ka ce Abzinawa, ko Kel Tamashek.

Baba Direba:
Subhanallahi. Yaro, ni da zagi? Aminina da muka yi shekara goma sha biyar muna cin tuwo kwano ɗaya, Buzu nake ce masa, yana ce mini Bahaushe, bai taɓa ɓata rai ba. Ɗansa sunana aka sa masa.

Aghali Arlit:
Bai nuna maka ba dai.

Maman Hadiza:
Kai Aghali, ɗazu da aka ce wa 'ya'yanmu baƙi ka ce daidai ne. Yanzu da kalma ta taɓa ka ka ji zafi. Haka mu ma muka ji.

Aghali Arlit:
Ba ɗaya ba ne Hajiya, kin sani.

Abba Fagge:
Don Allah wai jika biyar ɗin nan nawa ne? Mu nan ba mu gane lissafinku.

Malam Na Lakwal:
Jika ɗaya sefa dubu ce, wato dala ɗari biyu. Biyar, sefa dubu biyar ke nan.

Abba Fagge:
To a kan wannan ake ta tada jijiyar wuya? A Kano tikitin wasan Sallah na manyan mawaƙa ai ya fi haka.

Ɗan Tawa:
Ka haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, da masauki, da kwana uku da na rufe shago a satin Sallah. Kai ka biya mini?

Ɗan Maraɗi:
Ku ƙyale Abba. Su 'yan Najeriya da suka yanke mana wuta a 2023 suka rufe iyaka, yau su ne masu tambayar me ya sa wuri ya yi duhu.

Na Sakkwato:
Mu muka yanke? Ni da nake da 'yan'uwa a Ƙonni na yi wata da watanni ban gan su ba? Talaka ne ya rufe iyaka?

Malam Na Lakwal:
Ɗan Maraɗi, wutar Agadas ba daga Najeriya take zuwa ba, daga gawayin da ake haƙowa wajen Cirozerin ne. Kuma shi mai magana inji ya ce ya mutu, na haya.

Ɗan Maraɗi:
Duk da haka.

Ladan:
Ni tambayata ɗaya. Kwanakin nan na bayan layya kwanakin ci da sha da ambaton Allah ne. Mutum ya bar zumunci, ya bar kason surukansa a hannun yaro, ya tafi kallon kiɗa har ɗayan dare, sannan ya zo yana neman a tausaya masa?

Ɗan Tawa:
Allah ya gafarta Malam, na yi Idi, na yanka ragona, na gaida iyayena kafin in tafi. Naman kuwa ya isa, surukata ta kira ni ta yi godiya.

Baba Direba:
Ladan, bar yaro. Ranar Bianu duk Agadas ke fita da ganguna, malaman garin suna nan.

Ladan:
Yawan masu yi ba ya zama hujja, Baba.

Na Sakkwato:
Wai ma akwai wanda ya ga wasan nan ban da Ɗan Tawa? Ina shaida?

Ɗan Tawa:
Ga bidiyo nan na tura. Daƙiƙa goma sha tara ne, caji ya ƙare mini.

Abba Fagge:
Ƙeyar mutane kawai nake gani da ƙura. Amma sautin jitar, kai! Wannan rok ne ko Aghali ya ƙi.

Maman Hadiza:
Ɗan maƙwabciyata yana wurin. Ya ce waƙa biyar suka yi ba uku ba, kuma ya ce lokacin yaranmu ne aka fi yin liƙi.

Ɗan Tawa:
Uku da rabi, Yaya. Ina ƙirgawa, don kowace ɗaya ina jiran wadda nake so, ba a kai gare ta ba.

Aghali Arlit:
Liƙi ai alhazai ake wa kirari su zuba. A Janairun 2010 da Bombino ya yi wasa a gindin babban masallaci bayan tawaye ya lafa, wa ya je don liƙi? Mutane kuka suka yi.

Maman Hadiza:
Ina wurin, kai kana Arlit. Kuma Hausawan gari sun fi kowa yawa a filin.

Aghali Arlit:
Kin ƙirga?

Shugaban Zaure:
Salamu alaikum. Na bar ku tun azahar, yanzu zan taƙaita in rufe.

Ɗan'uwanmu na Tawa ya zo da ƙorafi, kuma mun ji wahalar hanyar da ya sha, Allah ya ba da lada. Amma kalmar baƙi da ya yi ta nanatawa ita ta ɓata zancen, kuma Hajiya Maman Hadiza ta yi bayani mai gamsarwa cewa yaran nan 'yan gari ne, babu wanda ya iya rushe maganarta. Na Sakkwato ya kawo hujja mai ƙarfi a kan faifan 2008, wadda ta nuna waƙar situdiyo da jita uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni kaina na san yadda yaran nan ke wahala, ɗan ƙanwata yana cikinsu, shi ne na biyu da ya hau, kuma na san da kuɗin aljihunsa ya yi waƙoƙinsa. Wanda bai taɓa shiga situdiyo ba shi ke ganin abin da sauƙi.

Zancen rok ko assouf, Aghali da Abba ku ƙarasa ta waya. Aghali, ka kira Baba Direba ka ba shi haƙuri, sa'an mahaifinka ne. Yawan waƙoƙi kuwa, an samu ruwaya biyu, ta waƙa biyar ta fito daga ɗan gari, ita na fi natsuwa da ita. Batun mayar da kuɗi ba na zauren nan ba ne, inji kowa ya san yana mutuwa.

Ɗan Tawa, ka gyara rubutunka na farko ka sa mawaƙan gida a inda ka sa baƙi, sannan ka goge bidiyon, akwai fuskar matan mutane a gefen dama. Na rufe zaure sai bayan Isha.