Laifi tudu ne: wa ya dace ya faɗa, kuma ga wa?

Ɗan Wusasa: Salama gare ku. Karin maganar wannan mako ita ce "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Ma'anarta ba ɓoyayya ba ce, amfani da ita nake so mu tattauna. Misalina Teze ne, wani ƙauye a ƙasar Faransa inda Ɗan'uwa Roger, mutumin Siwizalan, ya sauka a 1940 ya kafa zaman 'yan'uwa masu addu'a. Yau Katolika da Furotesta ne ke zaune tare a can, matasa dubbai kan je su yi mako guda. Sau uku ake addu'a a rana, da gajerun waƙoƙi da ake ta maimaitawa, da dogon shiru a tsakiya, ba a yin wa'azi a cikin addu'ar. Baƙo ya zo, ba mai tsare shi da tambayar zunubansa. To wannan bin karin maganar ne, ko fakewa da ita don gudun faɗin gaskiya?

Tsohon Mai Bishara: Ɗana, fakewa ce. Duk wanda aka taɓa shi a wa'azi, wannan maganar yake jawowa ya rufa. Ka ce wa mashayi ya bari, ya ce laifi tudu ne. Ka ce wa mai cin amana ya tuba, ya ce laifi tudu ne. In haka ne a rufe majami'u mana, tunda babu fasto marar laifi. Ezekiyel sura 33 ta ce mai tsaron da ya ga takobi na zuwa bai busa ƙaho ba, jinin mutane na wuyansa. Ai Hausawan da suka yi wannan karin su ne kuma suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mama Zumunta: Baba, da girmanka, akwai wani abu da ka tsallake. A gidan da na tashi, mai laifi ba ya faɗin wannan magana don kare kansa, in ya faɗa dariya za a yi masa. Na gefe ne ke faɗa. Mata biyu na zaune suna cin naman wadda ba ta nan, sai tsohuwa ta wuce ta jefa musu ita, bakin kowa ya mutu. Kare wanda ba ya wurin take yi. Mashayin da ya jawo ta don kansa satar ta ya yi, kuma wanzami ne da ba ya son jarfa, domin shi ma a daidai lokacin laifin fasto yake hangowa.

Malam Bazazzagi: Ni Musulmi ne, amma karin magana ta kowa ce, ku ba ni wuri. Mama ta yi gaskiya a kan mai faɗa. Zan ƙara da cewa mutane kan karanta rabinta kawai, wai naka na ƙarƙashin ƙafarka shi ya sa ba ka ganinsa. Akwai sauran rabi mai zafi. Iya tsayin tudun, iya nisan hangen. Wanda ya fi kowa gano ɓarawo a kasuwa, a tambayi ina ya koyi hanyoyin. Don haka karin ba ta ce abin da ka hango ƙarya ne ba. Mai yiwuwa laifin can na nan daram. Inda ka tsaya ne ake tuhuma.

Ɗan Wusasa: Malam, wannan karatun ya yi mini. Matiyu 7 ma bai tsaya a kan "kada ku ɗora wa kowa laifi" ba, ya ci gaba ya ce ka fara cire gungumen da ke idonka, sa'an nan ka gani sosai ka cire ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka. Hakin fa ana cire shi a ƙarshe.

Tsohon Mai Bishara: Yawwa, ka dawo hanya. To su mutanen Faransan naka yaushe suke cire hakin, in ba sa wa'azi?

'Yar Kwaya: Baba, bari in amsa, don na halarci taron da suka shirya a Kwatano a 2016. Ba wai ba a koyarwa ba ne. Ana karanta Littafi Mai Tsarki a kowace addu'a, a Teze kuma kowace safiya wani daga cikin 'yan'uwan kan buɗe nassi ya yi bayani, sai a rabu ƙungiya-ƙungiya a tattauna. Sunan Yesu na cikin waƙoƙin, ba a ɓoye shi. Abin da babu shi ne nuna yatsa. A ƙungiyarmu akwai wata da ta ce ta bar zuwa sujada tun da aka sa uwarta a horo a gaban jama'a. Da a gida ne, kafin ta rufe baki an jera mata ayoyi. Can sai aka bar ta ta gama, wani ya ba da labarin yadda shi ya dawo bayan nasa fushin, ba wanda ya ce mata ke ce mai kuskure. Kuma bayan addu'ar yamma 'yan'uwan kan tsaya a cikin majami'a, duk mai damuwa ya je ya same su shi kaɗai. A nan ake cire hakin, mutum ne ke kawo idonsa da kansa.

Mama Zumunta: Abin da Matiyu 18:15 ya ce ke nan, tsakaninka da shi ku kaɗai. Mu ne muka mayar da shi sanarwar Lahadi.

Ɗan Wusasa: Akwai wani abu a tarihin farkon wurin da ya fi komai ba ni mamaki. Lokacin yaƙin duniya na biyu Roger da 'yar'uwarsa Geneviève sun ɓoye 'yan gudun hijira a gidan, cikinsu akwai Yahudawa. Ga mutanen da ke cin tuwonka, ransu na hannunka, duk abin da ka ce za su amsa. Shi kuwa sai ya riƙa yin addu'arsa shi kaɗai, yakan shiga daji nesa da gida ya yi waƙoƙinsa, don kada baƙin su takura. A 1942 aka gane abin da suke yi, dole ya bar wurin sai 1944 ya koma.

Tsohon Mai Bishara: Wannan kuwa ban yarda ba. Ka ceci jikin mutum ka hana shi gurasar rai? Fitila ce aka kife da masaki.

Malam Bazazzagi: Baba, ni daga ɗaya ɓangaren nake kallo. In mai yunwa ya amsa kiranka a kan akushi, akushin ya amsa. Kowane addini yana da masu wannan ɗabi'a, namu da naku. Mutumin da ya ɓoye ni daga kisa bai nemi komai ba, ko bai buɗe baki ba sai na tambaye shi wane Allah yake bauta wa. Na kuma ji cewa tun 2017 suna shirya taron abota tsakanin matasa Musulmi da Kirista a can. Wanda zai fara da karanta mini laifina ba zan je taronsa ba.

'Yar Kwaya: 1 Bitrus 3:15 ma cewa ya yi ku zauna a shirye ku amsa wa mai tambaya dalilin begenku, da tawali'u da bangirma. Akwai mai tambaya a cikin ayar, Baba.

Tsohon Mai Bishara: 'Yata, Bulus bai jira tambaya ba a Atina.

'Yar Kwaya: Amma da ya tashi magana bai fara da zagin gumakansu ba, da bagadensu na allahn da ba a sani ba ya fara.

Mama Zumunta: Ni inda nake jin tsoron karin nan daban ne, kuma a nan ina bayan Baba. Idan mai laifin shi ne babba, "kada mu hukunta" kan zama bargon rufe ɓarna. Yarinya ta kawo ƙarar dattijo, a ce mata laifi tudu ne, ke ma duba kanki. Wannan zalunci ne da rigar tawali'u. Annabi Natan bai ce wa Sarki Dawuda kowa da nasa ba, ce masa ya yi kai ne mutumin. Su kansu mutanen Teze abin bai bar su ba. A 2019 shugabansu na lokacin, Ɗan'uwa Alois, ya fito fili ya ce an zargi uku daga cikin 'yan'uwan da lalata da yara tsakanin shekarun 1950 da 1980, kuma sun kai maganar gaban hukuma. An daɗe ƙwarai kafin a faɗa, waɗanda aka cuta sun tsufa da abin a ciki. Gidan da ya yi suna da rashin nuna yatsa, sai da ya nuna wa kansa.

Ɗan Wusasa: Mama, to ke nan karin tana hawa ne, ba ta gangara? Ana faɗa wa mai ƙarfi don a kare marar ƙarfi, ba a faɗa wa wanda aka cuta?

Mama Zumunta: Haka na gan ta a bakin tsofaffi. Ban taɓa jin an jefa wa mai kuka ita ba.

Malam Bazazzagi: A wajenmu ana jefa wa mai kuka, Mama, in kukan na gulma ne. Kishiya ta zo tana hawaye a kan abin da ita ma ta yi jiya, uwar miji ba za ta raga mata ba.

Tsohon Mai Bishara: Kun ga ko ku ba ku daidaita ba. Ni dai abu ɗaya zan karɓa daga wurinku, maganar kiran mutum gefe. Sauran, musamman zuwa daji don kada baƙo ya ji addu'a, ku bar ni da nawa. Matar da aka kama da zina, bayan masu duwatsu sun watse, Yesu ya ce mata kada ta ƙara yin zunubi. Wannan jimlar ba a shiga daji da ita ba.

'Yar Kwaya: Gaskiya ne Baba, amma sai da taron ya watse, kuma wanda ya faɗa shi kaɗai ne a wurin ba shi da tudu.

Tsohon Mai Bishara: In sai marar tudu zai faɗa, to wa zai faɗa wa mashayin nan namu? Matarsa ce ke kwana da yunwa, ba ku ba. Ɗan Wusasa, kai ka kawo maganar, kai za ka amsa mini wannan kafin ka kawo ta mako mai zuwa.