Musayar Waƙa: Rumawa da Keltawa

Malam Na-Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau zancenmu yaƙin da Yuliyos Kaisar ya kai ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, daga shekara ta 58 zuwa ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ga nawa:

Ku zo mu tuna da yaƙin Rumawa,
Da Kaisar ya kai wa ƙasar Keltawa,
Shekara takwas ana ta fafatawa,
Gari bayan gari yana ta rusawa,
Rum na kiransu marasa wayewa.

Hajiya Mai Goro:
Malam, ka faro zancen daga tsakiya,
Tsohon miki ne ya hana Rum lafiya:
Birinus na Gol ya ƙone musu alkarya,
Sai da suka fanshi kansu da zinariya.
Da suka ce ma'auninsa akwai ƙarya,
Ya ɗora takobinsa a sikeli, ba kunya,
Ya ce, "Kaiton wanda aka ci!" Ka jiya?

Wajen shekara ta 390 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ke nan. Rainin da kuka gani, tsoro ne a ƙarƙashinsa.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya da Malam, ku yi mini haƙuri,
Rum ta kai titi da ruwa har cikin gari,
Keltawa ko kan maƙiyi suke yankewa don fahari,
Kansu ma a rabe, wasu sun bi Kaisar tun fari,
Daga baya Sarki Kalaudiyos ya sa manyan Gol majalisar Rum a sarari.

Yaya Sani Maƙeri:
Ƙanena, kafin ka yabi titin nan,
Je garin Alesiya na Gol a 52 ka ga ɗaci.
Kaisar ya ja ganuwa har guda biyu,
Ba fita, ba shigar mai kawo sassauci.
Na ciki suka kori mata da yara,
Don sauran hatsin ya ishi mayaƙa su ci.
Suka je ga ganuwar Rum suna kuka,
A ɗauke su bayi, a ba su abinci.
Kaisar ya sa masu gadi suka hana,
Yunwa ta gama da su a tsakani, cikin ƙunci.
Barsinjetoris, jagoran Gol, ya ajiye makamansa,
Shekara shida a kurkuku da ƙasƙanci,
Aka zaga da shi Rum ranar biki,
Sannan aka kashe shi. Shi ne adalci?

Malam Na-Dala:
Auta, wa ya ba mu labarin tun asali?
Kaisar ne da kansa, shi ne mai ƙara da alƙali.
Malaman Gol, Duruwid, sun riƙe ilmi a hankali,
Hadda har shekara ashirin, ba su sa shi a takarda ko kwali.

Ɗan Autan Zaure:
Na ji, Malam. Amma yankan kan nan masu tono sun ga ƙoƙunan kai a kudancin Faransa. A ba ni wannan.

Hajiya Mai Goro:
An ba ka, ɗana. Yanzu ƙetara Birtaniya,
Wajen 60 bayan Isa, ga Budika ta Keltawa, sarauniya,
Mijinta ya rasu, Rum ta kwashe dukiya,
Aka yi mata bulala, aka keta mata ɗiya,
Ta ƙone Kolcesta da Landan gaba ɗaya,
Kafin dakarun Rum su tare mata hanya.