A damƙa wa 'yan kasuwa gidajen yari? Muhawarar 'yan gida mazauna Saudiyya

Baban Khalifa, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ni a ganina lokaci ya yi da gwamnatin Nijeriya za ta cire hannunta daga gidajen yari ta damƙa wa kamfanoni. Shekara tara ke nan ina aiki da wata sharika da ke kula da abinci da wanki a wani asibiti nan Jidda. Idan abincin majiyyaci ya makara da rabin awa, a ranar ake rubuta mana tara, ƙarshen wata a zaftare daga kuɗin kwangila. Shi ya sa ba ya makara. To a gida fa? A Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rusa katangar na Suleja, fursunoni sama da 100 suka fice. A Satumbar 2024 ambaliyar Maiduguri ta ci katanga, wajen 280 suka tsere. Da kamfani ke riƙe da su, da akwai wanda za a kama a ce ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Injiniya, Dammam:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, abin da kake nema an gwada shi sama da shekara 40. A 1983 aka kafa kamfanin farko na irin wannan sana'a a jihar Tennessee ta Amurka, wanda yanzu ake kira CoreCivic, sai babban abokin hamayyarsa GEO Group. Tambayar ita ce ta ina ribarsu ke fitowa. Galibi ana biyansu ne a kan kowane fursuna, kowane kwana, kamar yadda ake biyan mai otal a Makka lokacin aikin Hajji. Gadon da babu kowa a kansa asara ne. Shi ya sa a kwangiloli da yawa suke sa sharaɗin cewa gwamnati za ta cika musu kashi 80 ko 90 cikin 100 na gadaje, in ba ta cika ba ta biya kuɗin wofi. Asibitinku yana so majiyyaci ya warke ya tafi saboda wani na layi. Shi wannan me zai sa ya so fursuna ya shiryu?
A 2016 babban mai bincike na ma'aikatar shari'ar Amurka ya kwatanta gidajen kamfanoni da na gwamnatin tarayya, ya tarar na kamfanoni sun fi yawan faɗace-faɗace da shigar da haramtattun kaya. A jihar Pennsylvania kuma aka samu alƙalai biyu sun karɓi sama da dala miliyan 2 daga masu gidajen tsare yara, suna ta tura yara can kan laifin da bai kai ya kawo ba. Ɗayansu, Mark Ciavarella, an ɗaure shi shekara 28 a 2011.

Baban Khalifa, Jidda:
Injiniya, alƙali mai cin hanci ai ba kamfani ya haife shi ba, muna da su ba tare da kamfanin ba. Kuma in matsalar yadda ake biya ne, sai a canza yadda ake biya. A Ingila an gwada a gidan yarin Peterborough daga 2010. Masu zuba jari suka sa kuɗinsu aka riƙa bin fursunoni masu gajeren ɗauri bayan sun fita, a taimaka musu da wurin kwana da neman aiki da rabuwa da ƙwaya, a kan cewa gwamnati ba za ta biya ba sai in komawa laifi ya ragu. Ya ragu da kashi 9 cikin 100, aka biya su. Me zai hana mu rubuta tamu kwangilar haka?

Baba Gandiroba, Makka:
'Ya'yana, ku bari mai ɗaki ya faɗi inda yake masa yoyo. Shekara 33 na yi ina sa kakin gandiroba kafin na yi ritaya na dawo nan wajen 'yata.

Baban Khalifa, ɗana, ka ce a kawo ɗan kasuwa. Ai yana ciki tun ina saurayi. Abincin fursuna a Nijeriya ɗan kwangila ke kawo shi. Na tsaya a bakin tukunya a wani gida da na yi aiki, ba zan faɗi sunansa ba, ina kallon mai rabo ya zura ludayi har ƙasa ya ɗago, waken da ke ciki ana iya ƙirga shi da ido, sauran duk ruwa ne. Wannan ita ce gabzar da kuke ji. A takarda kuwa an rubuta cikakken awo, an sa hannu. Na rubuta ƙorafi sau biyu, na ukun aka kira ni aka ce in kula da aikina. Kuɗin abincin kowane fursuna a rana ya daɗe a naira 750 kafin a ɗaga shi zuwa 1,125. A cikin wannan ɗan abin ne mai kwangila zai cire ribarsa, wanda ya ba shi kwangilar ma ya cire nasa. Wanda ya kasa riƙe amanar ludayi, shi za a ba mabuɗi?

Abu na biyu shi ya fi damuna. Kuɗin da ya fi yawa a tafiyar da gidan yari albashin ma'aikata ne. Duk mai son riba nan zai fara sa almakashi: ya rage yawanmu, ya sallami tsofaffin hannu, ya ɗauko yara a kan ƙaramin albashi. Alhali aikin nan ba a koyonsa a wata uku. Da safe idan na buɗe ɗaki don ƙirga, ɗakin da aka gina don mutum ashirin ga sittin a ciki, ba kawuna kaɗai nake ƙirgawa ba, fuskoki nake karantawa. Akwai wani yaro da na lura kwana uku yana miƙa wa na kusa da shi kwanonsa, ya juya fuska bango. Na fito da shi gindin bishiyar darbejiya na zaunar da shi, ashe labarin rasuwar mahaifiyarsa ya iske shi, ya yanke shawarar ya bi ta. Na kai shi wajen malamin ɗinki na cikin gidan, na ce ko allura ce ya riƙa zura masa zare. Bayan shekara huɗu da fitarsa ya aiko min da jamfa har gida, ɗinkin hannunsa. Sabon yaro mai gadin kamfani, wanda zai bar aikin cikin wata shida in ya samu wanda ya fi, ina zai ga wannan kwanon?

Na ji an ce a Norway sai mutum ya yi karatun shekara biyu kafin a ba shi kakin nan. Mu a 2019 aka canza mana suna zuwa hukumar gyaran hali. Sunan ya yi kyau, amma barikinmu da albashinmu da horonmu ba su ji an canza ba.

Injiniya, Dammam:
Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya faɗa shi ne ya faru a Birmingham ta Ingila. Kamfanin G4S ke riƙe da gidan, aka yi mummunar tarzoma a Disambar 2016, a 2018 masu duba gidajen yari suka tarar ma'aikata na kulle kansu a ofis don tsoron fursunoni, dole gwamnati ta karɓe abinta. Mu zo nahiyarmu ma. Gidan yarin Mangaung na Afirka ta Kudu, shi ma G4S ke riƙe da shi a 2022. A nan Thabo Bester, mai laifin kisa da fyaɗe, ya tsere a Mayun 2022, aka bar gawar wani a ƙone a ɗakinsa aka ce shi ne ya mutu. Sai bayan kusan shekara aka kamo shi a Tanzaniya, kuma cikin waɗanda aka gurfanar har da ma'aikatan gidan.

Maman Iman, Makka:
Ku gafarce ni, ni ba boko ne da ni mai zurfi ba, amma abin ya shafe ni. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya aka kama shi kan rigimar waya a kasuwa. Shekara biyu da wata huɗu ya yi a tsare ba a yanke masa hukunci ba. Yau a ce motar kai su kotu babu mai, gobe a ce alƙali ya tafi taro, jibi a ce ba a ga fayil ba. Ina nan ina aikatau a gidan Larabawa ina tura riyal, Inna tana dafa tuwo tana hawa mota biyu tana kai masa duk Juma'a, har ƙafarta ta kumbura. Ranar da aka zauna da gaske, ko minti ashirin ba a yi ba aka sallame shi. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu irinsa ne, masu jiran shari'a. Yaya Baban Khalifa, don Allah ka gaya min, da kamfani ne ke karɓar kuɗi kan kowane kwanan da ya yi, wa zai tashi ya nemo fayil ɗin nan?

Baban Khalifa, Jidda:
Maman Iman, Allah Ya saka masa, Ya ba Inna lada. Ba ni da amsar da za ta share miki wannan. Sai dai ki lura, duk abin da ya same shi a hannun gwamnati ya same shi. Wannan ce ta sa har yanzu ban sauka daga kan maganata ba.

Ɗalibin Madina:
Baba da yayyena, in ƙara ɗan abin da muka karanta. Tsare mutum hukunci ne, hukunci kuwa na shugaba ne, ba hajar da ake sayarwa ba. A nan Makka, zamanin Sayyidina Umar, aka sayi gidan Safwan ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku. Ku duba, daga hannun mutum aka saya ya koma hannun hukuma. Alƙali Abu Yusuf kuma a littafinsa Kitabul Kharaj ya gaya wa Halifa Haruna Rashid cewa a ciyar da fursunonin da ba su da hali daga baitulmali, a ba su tufar sanyi da ta zafi, kuma a riƙa duba lamarinsu, wanda ba shi da laifi a sake shi. Haya a kan gini ko girki ko koyar da sana'a ba ni ganin laifinta. Amma ikon kulle mutum, da yi masa horo, da rubuta rahoton da zai sa a rage masa kwana ko a ƙara, ban ga yadda za a ba wanda ke cin riba da daɗewarsa ba.
A ƙasar nan da muke zaune gidajen yari na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, amma an buɗe wa jama'a ƙofar taimako. Akwai Furijat da aka fara a 2019, inda daga wayarka za ka biya wa wanda bashi ya kai shi kurkuku wani abu daga bashinsa. Akwai kwamitin Tarahum mai kula da fursunoni da iyalansu da waɗanda suka fito. Wanda ya haddace Alƙur'ani a ciki kuma ana yi masa sassaucin ɗauri.

Baban Khalifa, Jidda:
To ai Malam ka zo inda nake. A ƙarshen 2023 ministan cikin gida na Nijeriya Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. Kuɗin 'yan kasuwa ne ya buɗe ƙofar. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi na da ikon gina nasu gidajen. Jihar da ke fama da albashin malaman firamare da me za ta gina? Dole ta nemi mai kuɗi.

Baba Gandiroba, Makka:
Ɗana, waɗancan bayarwa suka yi don mutane su fita, ba karɓa suka yi don mutane su zauna ba. In mai kuɗi zai gina katanga mai ƙarfi a biya shi, bismillah. In zai kawo kekunan ɗinki da injin walda da katako, ya ɗauki yaran aiki in sun fita, ni zan fara yi masa addu'a a gaban Ka'aba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana koyar da fursunoni kyauta, wasu har digiri na biyu sun yi, ya je ya saya musu kwamfuta da littattafai. Mabuɗin ne ban yarda ba.

Maman Iman, Makka:
Baba, maganar tarar nan ta tsaya min a rai. In mu 'yan nan muka haɗa riyal hamsin hamsin kafin azumi, ta yaya za mu fitar da ko mutum biyar ne ba tare da kuɗin ya bi ta wata hanya ba?

Baba Gandiroba, Makka:
'Yata, kada ku tura wa kowa kuɗi a hannu. Ku samu mutum biyu amintattu a gida, ɗaya in da hali lauya. Su je wajen jami'in walwala na gidan su nemi sunayen waɗanda aka yanke wa hukunci da zaɓin tara, su tambayi ko akwai diyyar da kotu ta ɗora ban da tarar, don wani ka biya tara diyya ta riƙe shi. Kuɗin a kotun da ta yanke hukunci ake biya, a karɓi rasit, kotu ta rubuto takardar saki. Kuma ku ware kuɗin mota da na abincin kwana biyu ga kowane ɗaya. Na sha ganin an buɗe wa mutum ƙofa ya fito ya tsaya a bakin titi da silifa ɗaya, garinsu na da nisan awa biyar.

Baban Khalifa, Jidda:
A rubuta ni riyal ɗari biyu. Maganar kwangila kuma, Injiniya, ka samo mana yadda aka tsara ta Peterborough ɗin nan dalla-dalla, ina so Baba ya duba ya nuna min inda za ta yi yoyo a wajenmu.