Sawakin, Mashigar Alhazan Ƙafa

Jikan Takari:

Sawakin, garin nan na Sudan a gaɓar Maliya,
Duwatsun ƙabilar Bija sun tokare mata baya.
Tsibiri ce, ruwa ya zagaye ta gaba da baya,
Da dutsen murjani aka gina ta gaba ɗaya.
Kakana da ƙafa ya baro Zariya,
Shekara bakwai yana bisa hanya.
Ya tsinci auduga a gonakin Jazira ta Sudan don guzurin tafiya,
A Sawakin ya hau jirgin Jidda lafiya.
Har ya rasu, in an ambace ta sai ya share ƙwalla da haɓar riga, 'yan'uwa ku taya.

'Yar Gadarif:

Yaya, na karɓa, amma da ƙunar zuciya nake amsawa,
Na je da ƙafata, benayen nan sai zubewa.
Tagogin katako masu zane, rawashin, suna ruɓewa,
Kyanwoyi ke kwana a zaurukan attajiran da ake nunawa.
A 1909 Turawa suka buɗe tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan can arewa,
Don manyan jirage sun kasa shiga mashigar, ta yi musu matsewa.
'Yan kasuwa suka kwashe, aka bar yaɓen farar ƙasa da gyarawa,
Murjani kuwa in ba yaɓe, gishirin iska ke cinyewa.

Malam Mai Allo:

'Ya'yana, ku saurara, akwai saura a tarihi,
Tun ƙarni na 16 Turkawan Usmaniyya ke da iko da mashigi.
Masallatai biyu, na Hanafi da na Shafi'i,
Har yau suna nan, an gyara musu gini.
Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi, da ƙabilar Hadandawa daga duwatsu suka sauko da masu, ba ja da baya ga maƙiyi.
Sai dai kar mu ɓoye: ta nan ma aka fitar da bayi,
Hanyar da alhaji ya bi da talbiya, wani ya bi ta da sarƙa da rauni.
A 2017 Turkiyya da Sudan suka ƙulla yarjejeniyar raya gini.

Jikan Takari:

Allah ya gafarta Malam, zancen bayin nan ya sa na yi shiru,
Ban taɓa haɗa shi da labarin kaka ba, sai yau ya faru.
Ƙanwata, in kin koma, ɗauko mini hoton bakin ruwa inda jirage ke taru,
Zan kai wa Inna ta ga inda mahaifinta ya tsaya da gafaka da buzu.