Fotugis: “disse que vai ligar” ko “disse que ligaria”?

'Yar_Nazari:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar Celpe-Bras, ta ƙwarewa a Fotugis ɗin Burazil, amma discurso indireto, wato ba da labarin abin da wani ya faɗa, ya tsaya mini a wuya. Littafina ya ce idan mutum ya ce “Ligarei amanhã”, zan kira gobe, to wajen ba da labari sai in ce “Ele disse que ligaria no dia seguinte”. Ita kuwa abokiyar aikina 'yar Burazil, kullum “Ele disse que vai ligar amanhã” nake ji a bakinta. Wa zan bi, littafi ko mai harshe? Sannan umarni fa, irin “Feche a porta”, rufe ƙofa, yaya ake juya shi?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Duka biyun daidai ne, abin dubawa shi ne yaushe kike ba da labarin. Idan yau da safe ya yi maganar, goben tasa ba ta zo ba tukuna, sai ki bar ta yadda take: vai ligar amanhã. Idan kuwa makon jiya ne, goben nan ta riga ta wuce, dole aikatau ya ja baya: ligaria, ko ia ligar wanda aka fi ji a hira, amanhã kuma ta koma no dia seguinte.

Abin da ke ba mu wahala shi ne mu a Hausa ba ma jan lokaci baya. “Ya ce zai kira”, ko ɗazu ya faɗa ko bara, “zai” tana nan daram. Su kuwa idan disse (ya ce) ko perguntou (ya tambaya) ta gabata kuma zancen ya zama tarihi, sai sun ja lokacin baya: estou ta koma estava, fiz ta koma tinha feito, farei ta koma faria. “Estou cansada”, na gaji, sai ta zama “Ela disse que estava cansada”. Haka hoje (yau) ke komawa naquele dia, ontem (jiya) kuma no dia anterior. Akwai fizera da za ki gani a littattafan adabi a madadin tinha feito. Ki gane ta in kin gamu da ita, amma kada ki wahalar da kanki da ita a magana.

Mai_Tafinta:
Malam ya gama da ta farko, bari in ɗauki umarnin. Nan ma Hausa taimakonki za ta yi. Ai ba kya cewa “ya ce rufe ƙofa”, sai “ya ce in rufe ƙofa”. Wannan “in” ɗin, aikinta imperfeito do subjuntivo ke yi: “Ele pediu que eu fechasse a porta”. Hanyar samo shi mai sauƙi ce, ki ɗauko aikatau na “su” a pretérito perfeito, wato shuɗaɗɗen lokaci, ki cire -ram, ki sa -sse. Fizeram ta ba ki fizesse, trouxeram trouxesse, foram fosse. Ko aikatau masu taurin kai ba sa kauce wa wannan. In kin ga zai harɗe miki harshe, ki ce “pediu para eu fechar a porta”, shi ma ingantacce ne. Sai dai ki kula, eu za ki rubuta a nan, ko da kina jin wasu 'yan Burazil na cewa “para mim fechar”. A daidaitaccen nahawu, wannan kuskure ne.

Baƙon_Lisbon:
A nan Fotugal sunayen ma daban ne, conjuntivo suke cewa maimakon subjuntivo, condicional maimakon futuro do pretérito (sigar ligaria), kada ki ɗauka sabon darasi ne. Kuma “disse que ligava” za ki fi ji a bakinsu, ba ligaria ba. Tunda ta Burazil za ki zauna, ki riƙe ligaria a rubutu.

'Yar_Nazari:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura tambaya, Malam: “Você vem?”, za ki zo, ita ma que zan sa?

Malam_Nahawu:
A'a, se za ki sa, ita ce “ko” ɗinmu: “Perguntou se eu vinha”. In akwai kalmar tambaya, ita za ki riƙe: “Onde você mora?”, ina kike zaune, ta zama “Perguntou onde eu morava”, kuma ba alamar tambaya a ƙarshe.